LITTAFIN GARKE: YADDA AKE GANE BIJIMIN KIRKI

Wannan jawabi ne da aka yi wa manoma da makiyaya, ɗaliban azuzuwan manya na Samaru da Sabon Garin Zariya, a taron da suka yi bayan girbi. An buga shi a nan domin waɗanda ba su sami halarta ba.

 

Maganar yau a kan shanun nama take. Tambaya guda za a amsa: wane bijimi ne ya kamata a bari a garke ya yi barbara, wanne ne kuma ya kamata a kai kara?

ABIN DA KE FARUWA A GARKUNA

Idan Sallah ta gabato, ko biki ya taso, ko ana neman kuɗin taki, mai shanu yakan shiga garke ya kama san da ya fi girma, domin shi ne zai yi kuɗi. Dillali ya yi ciniki, mahauci ya ja shi zuwa Zangon Shanu. Kuɗi su shigo, a biya bukata.

To, amma wa aka bari a garke? An bar ƙaramin, wanda bai yi saurin girma ba, shi ya sa ba wanda ya taya shi. Shi ne zai hau shanu bana, shi ne zai hau su baɗi. 'Ya'yansa kuwa shi za su ɗauko. Bayan shekara 10 ko 15 sai mai garke ya ga shanunsa sun ƙanƙance, ya ce ƙarancin ciyawa ne. Gaskiya ne ciyawa ta yi ƙaranci, amma har da laifin zaɓe.

Manomi ba ya yin haka da dawarsa. Tun a gona yake ware zangarniyar da ta fi kyau, ya ɗaure, ya rataye don iri. Ko yunwa ta matsa, ba ya taɓa ta. Bijimi shi ne irin garke. Saniya maraƙi guda take haifa a shekara, idan ma ta haihu. Bijimi guda kuwa yana iya hawan shanu 20 zuwa 30. Saboda haka kuskuren zaɓen saniya a maraƙi guda yake tsayawa, amma kuskuren zaɓen bijimi yakan game garke duka.

GADO DA KIWO

Abu biyu ne ke sa maraƙi ya girma. Na farko gado, watau abin da ya ɗauko daga iyayensa. Rabi daga uba yake, rabi daga uwa. Na biyu kiwo, watau nono da ciyawa da ruwa da magani da ya samu.

Abin da kiwo ya ba dabba, da shi take mutuwa, ba ta ba 'ya'yanta. San da aka turke wata uku ana ba shi dusa da harawa da angurya zai yi ƙiba, ya yi sheƙi, amma wannan ƙiba ba za ta bi 'ya'yansa ba. Gado ne kaɗai yake bin jini. Aikin mai zaɓen iri shi ne ya raba biyun nan, ya gane wanda gado ya ɗaga da wanda dusa ta ɗaga. Ido kaɗai ba ya iya wannan aiki. Sai an haɗa da awo da rubutu.

MISALIN MARUƘA BIYU

Ga maruƙa biyu maza a garke ɗaya. Kowanne an haife shi da nauyin kilo 20. Yau an auna su. Na farko kilo 110, na biyu kilo 100. Wanda ya duba da ido zai ce na farko ya fi. Amma littafi ya nuna na farko kwanansa 250 a duniya, na biyu kwanansa 200.

A yi lissafi. Na farko ya ƙara kilo 90 cikin kwana 250. Idan aka raba, giram 360 yake ƙarawa kowace rana. Na biyu ya ƙara kilo 80 cikin kwana 200, watau giram 400 kowace rana. Idan ya ci gaba da haka, ranar da ya cika kwana 250 zai kai kilo 120. Ashe ƙaramin ne ya fi saurin girma. Ba don an rubuta ranar haihuwa ba, da shi za a dandaƙe a bar wancan.

ABIN DA ZA A RUBUTA

Kayan aikin ba su da tsada: littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da biro, da tef ɗin tela, da leda don kada ruwa ya jiƙa littafin. A ba kowace dabba shafi guda. A kan shafin a rubuta waɗannan:

1. Suna ko lambar dabba, da launinta, da shaidar da ke jikinta. Wanda ya sami lambar roba ta kunne, ya fi kyau.
2. Ranar haihuwa: rana da wata da shekara.
3. Namiji ne ko mace.
4. Sunan uwa da sunan uba.
5. Yadda haihuwar ta zo: da sauƙi, ko sai da aka ja maraƙin.
6. Awo ranar haihuwa, da awo a wata 6, da awo a shekara 1, da awo a shekara 2.
7. Ciwon da ta yi, da maganin da aka ba ta.
8. Ranar da ta bar garke da dalili: sayarwa, ko yanka, ko mutuwa.

Idan mace ce, a ƙara da ranar kowace haihuwa tata. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Binciken da aka yi a garkunan Bunaji na Abet da Kurmin Biri, a kudancin Jihar Kaduna, cikin shekarun 1980, ya nuna karsana takan kai kusan shekara 5 kafin ta yi haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma kusan shekara 2. Saniyar da ke haihuwa duk wata 15 ko 16 a irin wannan kiwo, dukiya ce babba. A riƙe 'ya'yanta mata, a duba 'ya'yanta maza da kyau. Wadda ta yi shekara 3 ba ta haihu ba, ciyawar wasu take ci.

Abin da aka gani yau, a rubuta shi yau. Abin da aka bari sai gobe, rabinsa yakan zube.

YADDA AKE AWO

Maraƙi sabon haihuwa ana iya sa shi a buhu a rataya a sikelin awon hatsi. Idan ya girma, sikeli ba ya samuwa a ruga, sai a koma ga tef. A tsayar da dabba a wuri mai daidai, ƙafafu huɗu a ƙasa, kai a miƙe. A zagaya ƙirjinta da tef, dab da bayan ƙafafun gaba da bayan tozo. Kada a matse, kada a sake. A karanta santimita a rubuta. Faɗin ƙirji yana tafiya tare da nauyi: wanda ƙirjinsa ya fi faɗi, galibi shi ya fi nauyi. Akwai kuma tef na musamman mai nuna kilo kai tsaye, malaman dabbobi sun san shi.

A riƙa yin awo da safe, kafin shanu su fita kiwo su cika ciki. Mutum ɗaya ya riƙa yi, da tef ɗaya, don kada hannu ya bambanta.

A GWADA TSARA DA TSARA

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. A ƙasar Zazzau damina takan kama daga Mayu zuwa Oktoba. Maraƙin da aka haifa a watan Yuni ya tarar da ciyawa ɗanya, uwarsa na da nono. Wanda aka haifa a watan Fabrairu ya tarar da kara da ƙura. Idan aka gwada su, na damina zai yi nasara ko da gadonsa bai kai na ɗan rani ba. Saboda haka a kiyaye waɗannan:

A gwada waɗanda aka haifa a lokaci guda, tsakaninsu bai wuce wata 2 ko 3 ba.
A gwada maza da maza, mata da mata.
A gwada 'yan garke ɗaya, masu cin abinci iri ɗaya.
A tuna ɗan fari yakan fi ƙanƙanta, domin karsana ba ta kai babbar saniya nono ba.

Sai maganar tatsa. Saniyar da ake tatsa sosai don kai nono kasuwar Samaru ko ta Sabon Gari, maraƙinta ba zai ƙoshi ba. Ba laifin gadonsa ba ne. Matan gida su ne suka san wadda ake tatsa da yawan abin da take bayarwa. Saboda haka littafin garke ba zai cika ba sai da bakinsu. A gidan da uwargida ta fi iya rubutu, a danƙa mata littafin.

'YA'YA SU NE SHAIDA

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ke son sanin gudun barewa, to ya dubi 'ya'yanta. Babbar shaidar bijimi ita ce 'ya'yansa. A misali, garke na da bijimai biyu, kowanne ya haifi maruƙa 6 a damina guda. A haɗa ƙarin 'ya'yan kowanne a raba 6. Idan na farko ya tashi giram 400 a rana, na biyu giram 330, to magana ta fito, ko da na biyun ya fi kyan ƙaho da tsayin tozo.

Maraƙi guda ba ya isa shaida, domin yana iya dacewa da uwa mai nono. Gwargwadon yawan 'ya'yan da aka auna, gwargwadon ƙarfin shaida. Wannan haɗa awon dabba da na iyayenta da na 'yan'uwanta da na 'ya'yanta, shi ne masana suke kira auna darajar gado.

AIKIN DA AKA FARA A SHIKA

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a nan. An fara binciken noma a Samaru tun 1922. A 1928 aka buɗe gonar shanu a Shika, kan hanyar Funtuwa, domin a zaɓi bijimai nagari daga cikin shanun ƙasa a ba makiyaya su yi iri. A 1962 gonar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A 1976 ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NAPRI. A can ana sa wa dabba lamba, ana auna ta, ana rubuta asalinta. Da irin wannan zaɓe ne cibiyar ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. An kuma yi aikin haɗa Bunaji da shanun Turai masu nono, ana ɗebo maniyyin bijimi a adana cikin sanyi mai tsanani, a zuba wa saniya idan ta nemi barbara.

A Jamhuriyar Nijar ma akwai gonar Tukunus, kusa da Filinge, inda aka daɗe ana zaɓen shanun Azawak ta wannan hanya.

Amma shanun gonar bincike kaɗan ne. Dukiyar ƙasa tana hannun makiyaya da manoma, kuma mafi yawan garkunan karkara ba su da rubutaccen tarihi. Tana yiwuwa bijimin da ya fi kowanne kyan gado a ƙasar Zazzau yana wata ruga a Bomo ko Basawa, ba wanda ya sani, har a yanka shi a Sallah.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

A Afirka ta Kudu, wani malami mai suna Jan Bonsma ya fara aiki a gonar bincike ta Mara a 1937. Ya haɗa shanun ƙasar da na Ingila, yana aunawa da sikeli da tef, yana rubutawa. Ya fitar da irin shanun nama masu jure zafi, aka sa musu suna Bonsmara, watau sunansa da na gonar.

A Amurka ana mai da awon kowane maraƙi zuwa nauyin kwana 205, don a gwada su daidai wa daida. Lissafin nan ne dai na maruƙa biyu da aka yi ɗazu. A Ostireliya, tun 1985 ake da tsari mai suna BREEDPLAN. Makiyaya suna aika awonsu, kwamfuta ta haɗa na garkuna masu yawa, ta fitar wa kowane bijimi lambar darajar gadonsa. Mai saye yakan karanta takardar kafin ya taya. A Brazil kuwa, shanu masu tozo irin Nelore, waɗanda asalinsu daga Indiya ne, su ne mafi yawan shanun nama, kuma ƙasar ce kan gaba a duniya wajen sayar da naman shanu waje. Shanu ne masu tozo kamar Bunaji da Bokoloji. Awo da zaɓe na shekaru ne suka kai su nan.

A 2009 masana suka kammala karanta ƙwayoyin gadon saniya. Yanzu ana iya cire gashin wutsiyar maraƙi a kai ɗakin bincike a yi hasashen darajarsa tun yana shan nono. Amma ko wannan ba ya aiki sai an gwada shi da awon dubban shanu da makiyaya suka rubuta. Kwamfuta ba ta kiwo. Abin da aka rubuta a bakin garke shi take lissafawa.

RIBAR NAWA CE?

Kada a yi zaton abin dare ɗaya ne. A misali, wani ɗan bijimi ya fi tsararsa da kilo 30 a shekara guda. Masana sun gano kimanin kashi ɗaya cikin uku na irin wannan fifiko ne gado, saura sa'a ce da kiwo. Watau kilo 10. Rabin wannan ne zai ba kowane ɗa nasa, watau kilo 5. Wani zai ce kilo 5 ai ba komai ba ne. To, idan ya haifi maruƙa 20, kilo 100 ke nan, ba tare da an ƙara ko mudu ɗaya na dusa ba. Kuma wannan ƙari ba ya komawa. 'Ya'yansa mata za su zama iyaye, a sake zaɓen wani bijimin a kansu, ƙari ya hau kan ƙari. Sannu ba ta hana zuwa.

GARGAƊI HUƊU

Na ɗaya, kada a bi girma kaɗai. Bijimin da 'ya'yansa ke zuwa da girman da ya wuce kima yakan wahal da karsana wajen haihuwa, har a rasa uwa da ɗa. Abin nema shi ne maraƙin da ya zo da sauƙi, sannan ya yi saurin girma.

Na biyu, kada a raina shanun gida. Bunaji da Rahaji da Bokoloji sun saba da zafi da kaska da doguwar tafiya da yunwar rani. San Turai mai nama da yawa ba ya jure waɗannan sai da inuwa da abinci da magani kullum. Wanda zai haɗa iri, ya nemi shawarar malaman dabbobi tukuna.

Na uku, kada a bar bijimi ya hau 'ya'yansa ko uwarsa. Barbarar jini ɗaya takan rage haihuwa, ta kawo raunanan maruƙa. Bayan shekara 3 ko 4 a yi musaya da wani garken. Littafi shi ne zai nuna wa ya haifi wa.

Na huɗu, maruƙa mazan da ba a zaɓa ba, a dandaƙe su, ko a ware su a turke don kasuwa ko noma. Zaɓe ba ya da amfani idan kowane sa yana hawa.

MASU TSORON RUBUTU

Akwai dattawan da ba sa son a ƙidaya shanunsu. Suna tuna zamanin jangali, lokacin da rubutu yake nufin biyan kuɗi. Littafin garke na mai garke ne, a jakarsa yake kwana, ba ya nuna wa kowa sai wanda ya ga dama. Amfaninsa kuwa a fili yake. Idan aka sace saniya aka gan ta a kara, shafinta shaida ne. Idan shanun mata da na 'ya'ya suna haɗe a garke guda, littafi yakan hana gardama. Ranar sayar da bijimin iri kuma, wanda ya zo da tarihin uwa da uba da awo yana da bakin neman ƙari.

Dattijon makiyayi yana riƙe asalin shanunsa a ka, har kaka da kakan kaka. Wannan ilmi ne mai daraja. Yaran da suka iya rubutu su zauna da shi, su tambaye shi, su rubuta tun yana nan.

Mai shanu 5 ko 6 kada ya ce nasa sun yi kaɗan. Maƙwabta 8 ko 10 suna iya haɗa kai, su yi awo rana ɗaya, su kwatanta littattafansu, su zaɓi bijimi guda na kowa da kowa. Idan lissafi ya cije, ga malamin gona, ga ofishin NAERLS na wayar da kan manoma a nan Samaru, ga Shika ba nisa.

Wanda zai fara, ya fara da maraƙin da za a haifa nan gaba. Ya rubuta ranarsa, da uwarsa, da ubansa, da awon ƙirjinsa. Idan Sallah ta zo kuma dillali ya nuna san da yake so, mai garke ya buɗe littafi tukuna kafin ya kwance igiya.

Allah ya albarkaci dukiya, ya ba da damina mai albarka.